Ɗaga ƙarfe: ƙarfi nawa jiki ke ƙonawa?

A unguwannin Maraɗi da Damagaram muna ganin samari da marece suna ɗaga ƙarfe, wasu ma gwangwani ne suka cika da siminti. Ƴan kokowa kuma suna ɗaga buhun rairayi tun kafin lokacin gasa. Yau wasunsu suna ɗaure da agogo mai lissafa ƙarfin da jiki ya ƙona. Ma'aunin wannan ƙarfi shi ake ce wa kalori.

Abinci shi ne itacen jiki. Ko mutum yana kwance, jikinsa yana cin kalori kusan 1 a kowane kilo na nauyinsa cikin awa ɗaya. Mai kilo 70 ke nan yana ƙona 70 ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. In ya ɗaga ƙarfe a hankali, yana hutawa tsakani, sai a ninka nauyinsa da 3: kalori 210 a awa. In ya matsa sosai har gumi ya jiƙa riga, a ninka da 6: kalori 420. Ku gwada lissafin da nauyinku a allo.

To, 210 ba abin kirki ba ne. Gram 100 na gero, abin da bai cika ƙaramin kofi ba, yana ɗauke da kalori wajen 360. Babban cokali na man gyaɗa 120 ne. Mai tumbi da ya ɗaga ƙarfe awa guda, sa'an nan ya zauna ya ci tuwo kwano biyu, ya mai da abin da ya ƙona har da riba.

Agogon fa? Bugun zuciya yake ƙirgawa, daga nan ya yi ƙiyasi. Mai ɗaga nauyi yakan riƙe numfashi, zuciya ta yi ta bugawa, agogo ya ɗauka gudu ake yi. A shekarar 2017 masana na jami'ar Stanford a Amurka sun gwada agogo iri 7. Wanda ya fi kusa da gaskiya ya yi kuskure da kashi 27 cikin 100. Ba mu ga dalilin da zai sa saurayi ya sai da akuya don sayen shi ba.

Wanda ya fi damun mu shi ne manomi. Awa ɗaya ta noma da hauya tana cin kalori sama da 300, kuma yini ake yi, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Saurayin da ya taso daga gona ya je ɗaga ƙarfe bai ƙara abinci ba, naman jikinsa ne zai narke. Ya bari sai kaka, ko ya ƙara wake, ƙuliƙuli da nono.

Sikeli ya fi agogo gaskiya, kuma akwai shi gidan likita. Ku hau sau biyu a wata, da safe, ku rubuta rana da kilo cikin littafi. In nauyi yana ta sauka alhali ba ku nufi haka ba, ku nuna wa malamin lafiya littafin.