TARGAƊEN WUYA BAYAN HATSARIN MOTA

 Yau maganarmu a kan wuya take, musamman ga mutanen Lafagu da sauran ƙasar Bagudo, masu bin hanyar Ka'oje da Tsamiya har iyakar Benin, waɗansu a mota, waɗansu a bayan kabu-kabu.

Wuyan mutum yana da ƙasusuwa 7, an jera su bisa juna, tsoka da jijiyoyi suna riƙe da su. Ta tsakiyarsu laka ta bi, daga ƙwaƙwalwa ta gangara gadon baya. Bisansu kuwa ga kai, nauyinsa wajen kilo 5. To, idan wata mota ta bugi taku daga baya, ko direba ya taka birki farat ɗaya don saniya ta shigo hanya, sai kai ya fizgu baya, ya kuma fizgo gaba, kamar bakin bulala. Da haka wani likita a Amurka ya kwatanta abin a 1928, har yau Turawa da sunan bulala suke kiransa. Mu kuwa sai mu ce targaɗen wuya, gama tsoka da jijiya ne suka jawu, ƙashi bai karye ba.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya nuna kansa nan da nan. Mutum ya fito daga mota, ya karkaɗe riga, ba jini ba rauni, ya yi hamdala ya wuce kasuwa. Sai da dare, ko kashegari, ko bayan kwana 2, ya ji wuya ya ƙage. Waiwaye ya gagara. Ciwon kai ya taso daga ƙeya, kafaɗu su yi nauyi, wani har da jiri.

Amma kafin a ce targaɗe ne, tilas a tabbata ba karaya ba ce. Ku kasa kunne nan ƙwarai. In wanda ya yi hatsari ya suma, ko yana jin zafi mai tsanani a tsakiyar ƙashin wuya, ko hannu ko ƙafa ta sage, ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari ya kuɓuce masa, to, kada a zaunar da shi, kada a juya masa kai a ce za a gwada. Na san tausayi ne ke sa jama'a su cicciɓi mutum, wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, kai yana reto. Ɗauka irin wannan takan sa karyayyen ƙashi ya danne laka, mutum ya shanye har ƙarshen ransa. In ba wuta ko ruwa ake tsoro ba, a bar shi yadda yake, mutum guda ya riƙe kansa da hannu biyu. In tilas a ɗauke shi, a sa shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da jiki a miƙe, a tokare kan da zane naɗaɗɗe dama da hagu. Kada a kai shi asibiti a kan babur. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

A asibitin Bagudo ko na Ka'oje za a duba shi, in akwai shakka a tura shi Birnin Kebbi. Hoton ƙashi ba ya nuna targaɗe, amfaninsa a ga ko akwai karaya. Saboda haka in an ce hoto lafiya lau, ba cewa aka yi ƙarya kake ba.

In an tabbata targaɗe ne, maganinsa ba wuya. Ranar farko da ta biyu a ɗora tsumma mai ruwan sanyi, daga baya mai ɗumi. Babban mutum ya sha farasitamol ƙwaya 2, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana guda. Tiramadol na 'yan talla kuwa, a guje shi. Sa'an nan abin da ya fi duka: a riƙa motsa wuyan a hankali, dama da hagu, sama da ƙasa, iyakar inda zafi ya tsai da kai. Dā likitoci kan sa wa mutum abin ɗaure wuya mako da makonni. Yanzu an gane daɗewa da shi ƙara ƙagewa yake sawa. A ci gaba da ƙananan ayyuka, amma tulun ruwa da buhun shinkafa su dakata hawa kai sai zafi ya tafi.

Maɗora sun san aikinsu a hannu da ƙafa, ba mu raina su ba, amma wuya ba wurin ja da murɗa ba ne. Ƙahon wanzami kuma ba ya kai wa ga jijiyar da ta jawu.

Yawancin mutane sukan warke cikin wata 2 zuwa 3. In mako guda ya wuce ba sauƙi, ko hannu ya fara sagewa daga baya, a koma asibiti. In kuwa zazzaɓi ya haɗu da ƙagewar wuya, balle lokacin bazara, kada a ɗora wa hatsarin laifi. Wannan alamar sanƙarau ce, a garzaya da shi ran nan.

Direbobi, matashin nan na bisa kujera da waɗansunku kan cire, don wuya aka yi shi. A mai da shi, a ɗaga shi har samansa ya yi daidai da tsakar kai, a kuma ɗaura bel.