Talabijin Na Kyauta Ta Sabuwar Hanya: Bayani Ga Hakiman Boɗinga Da Shagari

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Boɗinga da ta Shagari. Talakawa sukan kawo tambaya fada a kan akwatin talabijin da dikoda, wasu kuwa har ƙara suke kawowa bayan sun yi hasarar kuɗinsu a kasuwa. Ya kamata mai amsa musu ya san tushen al'amarin.

Asalin Al'amarin

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan ran 31 ga Oktoba, 1959. Na Jihar Arewa ya fara aiki a Kaduna cikin 1962, sa'an nan a 1977 aka kafa hukumar NTA wadda ta haɗa tashoshin ƙasa duka, har da ta Sakkwato. Dukansu ta tsohuwar hanya suke aiko da hoto, watau kowace tasha da tata hanya guda cikin iska, kamar a ce kowane falke ya share wa jakinsa turba shi kaɗai. Sabuwar hanya, wadda ake kira dijital, tana mai da hoto da murya su zama lambobi, a matse su. Ta haka hanya guda takan ɗauki tasha goma ko fiye, kamar yadda babbar mota guda take ɗaukar kayan fatake da yawa. Hanyoyin da suka ragu kuwa sai a ba kamfanonin wayar hannu.

Cikin 2006 ƙasashen Afirka da na Turai da na Gabas ta Tsakiya suka yi yarjejeniya a Janeba, suka yanke ran 17 ga Yuni, 2015, ta zama ranar barin tsohuwar hanya. Nijeriya ba ta cika wannan wa'adi ba. An fara gwaji a Jos cikin Afrilu 2016. Abuja ta biyo cikin Disamba 2016 da tasha 30, Ilori da Kaduna a 2017, Enugu da Oshogbo a 2018, Legas da Kano a 2021. Sakkwato ba ta cikin waɗannan garuruwa takwas. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ce mai kula da shirin, sunansa kuwa FreeTV.

Dikoda Iri Uku Ce

Yawancin hasarar da ake yi daga nan take fitowa, gama mai saye yakan ɗauka duk dikoda ɗaya ce.

Ta fari ita ce ta FreeTV mai aiki da eriya. A garuruwan da aka ƙaddamar da shirin ta kawo tashoshin NTA, da Channels, da AIT, da TVC, da na jiha. Ba a biyan kuɗin wata, amma da aka fara an sa kuɗin shekara naira 1,000. Wannan dikoda ba ta kama kome sai inda hasumiyar shirin take kusa. Wanda ya gan ta tana aiki a Kano ya sayo, kada ya tabbata za ta yi masa aiki a Sifawa ko Danchadi.

Ta biyu ita ce ta tauraron ɗan'adam, mai aiki da faranti, watau dish. Ita ba ruwanta da nisan gari daga Sakkwato: abin da mutumin Boɗinga ya kama, shi na Kajiji zai kama, muddin an saita farantin daidai. Sau ɗaya ake biya, kuɗin kaya da ladan mai ɗaurawa. Ta wannan hanya ake ganin Arewa24, tashar Hausa da aka buɗe a 2014, mai shirin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da tashoshin wa'azi irin su Sunnah TV da Manara, da kuma masu nuna salla kai tsaye daga Makka da Madina. Kowane tauraro da tashoshinsa, saboda haka sai mai gida ya faɗa wa mai ɗaurawa waɗanda yake so tun kafin a kafa farantin.

Ta uku ita ce ta kamfanonin biya, irin su StarTimes da GOtv da DStv. Hotonsu dijital ne, amma ba na kyauta ba ne. In kuɗin wata ya ƙare sai a rufe yawancin tashoshin.

Abin Da Za A Sanar Da Talakawa

Kada kowa ya yar da tsohon akwatinsa, ko ya sayar da shi da araha don an ce masa ya daina aiki. Dikoda ake haɗa masa da waya, ya ci gaba da nuna hoto.

Tsohuwar hanya takan nuna hoto dishi-dishi in an yi nisa. Sabuwar ba ta da tsaka-tsaki: ko hoto ya fito tangaran, ko ya tsaya cik. Don haka mai eriya a ƙasar Shagari yana bukatar sanda mai tsawo fiye da na Boɗinga, wanda ya fi shi kusa da birni. Da damina kuma ruwa mai ƙarfi yakan katse hoton faranti na ɗan lokaci. Wannan ba lalacewa ba ce, ba a kiran mai gyara dominta.

Mai saye ya tambayi mai kanti abu uku a gaban shaida: da eriya take aiki ko da faranti, akwai kuɗin wata ko babu, waɗanne tashoshi take kamawa a garinsu. Ya karɓi rasiɗi, kuma kada ya cika wa mai ɗaurawa ladansa sai ya ga hoto a ɗakinsa.

Ana roƙon hakimai su sa malamansu su karanta wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar da shi a masallatai da ranakun kasuwa. Matambayi ba ya ɓata.