Ba Kowace Cutar Tumatir Ce Sharon Ba

Duk lokacin da kwandon tumatir ya yi tsada a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, labari ɗaya ake ji a rediyo: tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira Sharon, ta dawo. Tun ɓarnar da ta yi a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kowace asara a kanta ake ɗorawa. Shi ya sa mai lambu a Tirwun da kewayen Bauchi, da ya ga shuka ta yi yaushi, sai ya ruga shagon magani ya sayo na feshi.

Sau da yawa kuwa ciwon a ƙasa yake. Akwai wata ƙwayar cuta dangin fumfuna mai suna Fusarium, tana shekaru a cikin ƙasa, ta shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi zuwa ganye. Ganyen ƙasa ke fara yin rawaya, sau da yawa a gefe ɗaya. Da rana shukar ta langaɓe, da yamma ta ɗan farfaɗo, har ta bushe da 'ya'ya a jikinta. Ka tsaga karan da wuƙa, za ka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Feshi a kan ganye ba ya kaiwa nan. Dangin Fusarium ne ya gama da ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950.

Maganin sananne ne: a tuge mai ciwo a ƙone, a yi reno a ƙasa mai tsabta, a hana ruwa kwanciya ko gangarowa daga fangalin da ya kamu, a nemi iri mai juriya, a huta da tumatir a wurin na wasu shekaru a sa masara ko dawa.

To, wa zai gaya wa manomi wannan? A nan gizo ke saƙa. A 1975, da tallafin Bankin Duniya, aka buɗe shirin bunƙasa noma a Funtuwa da Gusau da Gombe, wadda ta faɗo cikin Jihar Bauchi da aka ƙirƙiro a 1976. Daga baya shirin ya game jihar da sunan BSADP. Dattawa na tuna malamin gona a kan babur, yana da ranar zuwa kowane ƙauye, ya tsuguna a bakin kunya ya tuge shuka ya duba saiwa. Da tallafin ya ƙare, aikin ya yi ta ja da baya, har mai sayar da magani ya zama shi ne malamin. 

Ilimin yana nan a cibiyar bincike ta Samaru da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma bai isa lambu ba. Ya kamata gwamnatin jiha ta ɗauki sababbin malaman gona, ta ba su babur da mai kafin a fara dashen rani. Kai kuma manomi, tsaga kara ka duba kafin ka kashe kuɗinka a kan feshi.