Iyakar Sharaɗi a Harsunan Umarni na Kwamfuta

A nahawun Hausa, jimlar sharaɗi gaɓa biyu gare ta: sharaɗin kansa, wanda "in" ko "idan" ke buɗewa, da kuma amsarsa. Harsunan umarni, watau waɗanda kwamfuta ke bi layi-layi tana aikatawa, su ma bisa wannan tsari aka gina su. Sai dai akwai wata matsala wadda mai magana ba ya ko lura da ita.

Alal misali, maigida ya ce wa ɗansa: "In ruwa ya sauka, ka shuka hatsi, ka kai awaki kiwo." Shin kai awaki yana cikin sharaɗin, ko kuwa umarni ne dabam? Yaro zai gane daga muryar uban da inda ya dakata. Na'ura kuwa ba ta jin murya. Tilas a shata mata inda umarnonin da ke ƙarƙashin sharaɗi suka fara da inda suka ƙare. Wannan shi ake kira rukunin umarni.

A harshen da Stephen Bourne ya tsara wa Unix, wanda ya fito a 1979, "if" ke buɗe sharaɗi, "then" ya gabatar da amsa, "else" ya tsaya a madadin "in ba haka ba". Rufewa kuwa da "fi" ake yi, watau "if" aka juya, dabarar da aka aro daga Algol 68. (Abin lura, a nan sifiri nasara yake nufi, don haka shi ne gaskiya.) Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ba shi da kalmar rufewa. Matsar da layuka ciki ake yi, duk layin da ya komo bakin shafi ya fita daga sharaɗin. Wannan hanya ta fi sauƙi ga ido, domin abin da mai karatu ya gani shi na'ura ta fahimta.

Inda ido da na'ura suka saɓa, ɓarna na biyo baya. A harshen C, matsar da layi ado ne kawai: in babu baka, umarni ɗaya tak sharaɗi ke riƙewa. A watan Fabrairu 2014 kamfanin Apple ya gyara wani kuskure irin wannan. An maimaita layi ɗaya a ƙarƙashin sharaɗi, na biyun ya riƙa aiki kullum, har na'urorin suka riƙa tsallake binciken sa hannun da ke tabbatar da sahihancin shafukan intanet.