The Glory da Siniyoyin Makarantar Kwana



Yau kan The Glory za mu tattauna, fim ɗin Koriya mai kashi 16 da Netflix ta fara saki a Disambar 2022. Moon Dong-eun ɗaliba ce da 'ya'yan masu kuɗi suka dinga ƙona ta da ƙarfen gyaran gashi. Ta kai ƙara, malaminta ya mare ta, uwarta ta karɓi kuɗi aka binne zancen. Shekara 18 tana shirin ramuwa, har ta zama malamar ajin 'yar shugabar azzaluman.

To mu fa? Duk ɗan Makoda da ya yi makarantar kwana ya san siniya: ɗebo ruwa, wanki, kwashe maka garin kwaki, bulala da daddare. Ka faɗa a gida, a ce ai tarbiyya ce.

Sai dai ita Dong-eun waɗanda suka cuce ta ta nema. Mu kuwa siniyan ya gama ya tafi, sai mu jira SS3 mu huce kan ɗan JSS1. Wallahi ni ma na yi. Har yau in na hango yaron a kasuwar Ɗambatta, hanya nake sakewa.