Yaron da Kuke Aika Kasuwa, Me Kuka Koya Masa?

A yawancin gidajenmu ba maigida ne yake zuwa sayen gishiri ba, ba kuwa uwargida ba. Yaro ne. Shi ake aika wurin mai tebur ya sayo sabulu, shi ake turawa kemis da dare sa'ad da zazzaɓi ya kama ƙanensa. Mukan ƙirga masa kuɗi, mu ja masa kunne kada ya tsaya wasa a hanya, amma da wuya mu nuna masa abin da zai duba kafin ya miƙa kuɗin nan.

Muna koya wa 'ya'yanmu ladabi, daidai ne kuwa. Sai dai mai zamba ya san yaro mai kunya ba zai iya duban babba ya ce, "Baba, mudun nan bai cika ba." Da wannan kunya yake cin riba. Wajibi ne fa yaranmu su sani tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce, kuma wanda ya ba da kuɗinsa yana da hakki.

Mene Ne Hakkin Mai Saye?

Ran 15 ga Maris, 1962, Shugaban Amurka John Kennedy ya bayyana wa majalisar ƙasarsa hakkoki 4 na mai saye. Na fari, kada a sayar masa da abin da zai cuce shi. Na biyu, a faɗa masa gaskiya a kan kayan. Na uku, a bar shi ya zaɓa. Na huɗu, a ji kukansa in ya kawo. A 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodin kare masu saye, yanzu kuwa kowace shekara ana tunawa da ran 15 ga Maris saboda wannan.

A Nijeriya akwai hukumomi da aka ɗora wa wannan aiki. SON, wadda aka kafa a 1971, tana duba ingancin kaya irin su siminti da wayar lantarki. NAFDAC, tun 1993, ita ce mai lura da abinci da magani. A 2019 kuma aka sa hannu a kan dokar da ta kafa FCCPC, wadda take karɓar ƙarar masu saye. Dokar nan ta ba ka iko ka mayar da kaya in ka tarar lalatacce ne. Rubutun nan da wasu 'yan kanti sukan buga a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, bai fi ƙarfin doka ba.

Ba Maganar Kuɗi Kaɗai Ba Ce

Kada wani ya ce ai wannan fitina ce a kan naira kaɗan. A ƙarshen 2008 wani maganin da ake ba jarirai masu fitar da haƙori, mai suna My Pikin, ya gurɓata da wani ruwa mai guba wanda yake lalata ƙoda. Yara 84 suka mutu a Legas da Zariya da waɗansu garuruwa. Iyayensu mata da hannunsu suka ɗura musu, cikin ƙauna, suna zaton lafiya suke ba su. Ba mai iya ganin gubar da ido. Abin da ya tsai da mutuwar shi ne an kai rahoto, hukuma ta rufe kamfanin, aka kwashe maganin daga kantuna. A 2013 kotu ta ɗaure mutum 2 na kamfanin.

Ga darasi a nan. In kun ba yaro magani kuka ga ciwo ya juya wata hanya dabam, ku kai shi asibiti maza tare da kwalbar, ku faɗi inda kuka saya. Wanda ya yi shiru ya ce haka Allah ya so, ya bar wa ɗan maƙwabcinsa tarko a ɗane.

Abin da Za a Koya a Gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai aji 4 na firamare ya isa ya koyi waɗannan.

Ya karanta jikin kaya. A kowane gwangwanin madara ko kwalin magani akwai ranar da aikinsa zai ƙare, sau da yawa kusa da haruffan EXP. In ranar ta wuce, ko an kankare ta, ya ajiye. Ya nemi lambar NAFDAC. Ya ƙi gwangwanin da ya kumbura. Waɗansu magungunan zazzaɓin cizon sauro suna da wurin kankarewa, inda ake samun lamba a aika ta waya, a sami amsa ko na gaske ne ko jabu. NAFDAC ta soma wannan a 2010.

Ya duba awo. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Uwa ta nuna wa 'yarta mudun da aka buga gindinsa ya shige ciki, da yadda ake zuba kyakkyawar masara a baki, ruɓaɓɓiya tana ƙasa. Ta koya mata sunsuna wake, gama akwai masu zuba masa maganin ƙwari irin wanda ba a yi domin abinci ba.

Ya ƙirga canji a gaban mai kaya, ya karɓi rasit in kayan mai tsada ne. A gida a sami gwangwani ɗaya na ajiye rasit, domin ran da rigima ta tashi shi ne mashaidi.

Ya san matakan kai kuka. A fara da mai kayan, a natse, ba da zagi ba. In ya ƙi, sai sarkin kasuwa ko shugaban 'yan layin. In abin ya gagara, sai hukuma. Sa'ad da yaro ya dawo an cuce shi, kada ku hau shi da duka. Ku riƙe hannunsa ku koma tare, ya ga yadda babba yake neman hakkinsa ba tare da faɗa ba. Wannan tafiya ɗaya ta fi wa'azi goma.

Malaman Makarantar Lahadi da na 'Yan Birged suna iya sa yara su kawo kwalayen da babu kome a ciki, a yi gasar neman kwanan wata. Zumuntar Mata ma tana iya keɓe zama ɗaya domin wannan.

Mu Ma Masu Sayarwa Ne

Yanzu sai mu juyo kan kanmu. Gidan da ya sayi sabulu da safe, shi ne yake ɗora wa yarinya tallan ƙosai da yamma, ko ya kai buhun masara kasuwa da kaka. Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan ciniki ba. Annabi Amos, a sura 8, ya tsauta wa 'yan kasuwar da suke rage awo suna sayar da shara a cikin hatsi. A Luka sura 19, tuban Zakka ya bayyana cikin alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta riɓi 4.

To, yaya za ka koya wa ɗanka ya ƙi mudun algus, alhali yana kallonka kana zuba yashi a gindin buhu? Yaya uwa za ta hana a cuci 'yarta, ita kuwa tana ƙara wa nono ruwa? Yara sun fi koyo da ido bisa ga kunne. Ya kamata a san teburin mai bi a kasuwa da cikar mudunsa, har wanda ba ya zuwa sujada ya ce wa ɗansa, "Je ka wurin wancan, ba ya cuta."

Iyaye, a wannan mako ku ɗauki gwangwani ɗaya daga ɗakin girki, ku tara yara, ku karanta jikinsa tare. Ubangiji ya ba mu hikima cikin saye, da gaskiya cikin sayarwa. Amin.