Kama da Wane ba Wane ba Ne: Yadda Masana ke Tantance Ɓerayen da ke Yaɗa Zazzaɓin Lassa

Da almuru masu bincike kan ɗana tarkuna a cikin ɗakuna, da gindin rumbuna, da gefen gonaki. Tarkon ɗan akwatin alminiyam ne da ake kira Sherman, wanda ke rufe dabba da ranta ba tare da ya ji mata rauni ba. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko busasshen kifi ake sawa a ciki. Da sassafe a dawo a duba: wani ya kama ɓera, wani jaba, wani kuma wayam.

Daga nan ainihin aikin ke farawa. Sanye da safar hannu da takunkumi, ana auna nauyin dabbar, da tsawon jikinta, da jela, da ƙafar baya, da kunne. Ana rubuta rana da wurin kamu a ɗan kati, a ɗaura mata. Fata da ƙoƙon kai su tafi gidan adana kayan tarihin halittu, tsokar hanta kuwa a jiƙa ta a sinadari domin gwajin ƙwayoyin gado.

Wannan ƙa'ida tana da dalili. A 1969 aka fara gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Bayan ɓarkewar cutar a Saliyo a 1972, aka gano ƙwayar a jikin ɓera mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis. Sai dai yana da ɗan uwa, Mastomys erythroleucus, wanda ido kaɗai ba ya iya raba su da tabbaci. A 2016, binciken da Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya jagoranta ya nuna cewa shi ma ɗan uwan yana ɗauke da ƙwayar, haka ma wani ɓeran kurmi, Hylomyscus pamfi.

Ma'anar wannan ga masu tsara manufofi a Abuja a fili take. Cutar kan tsananta da rani, kuma hukumar NCDC kan fitar da alƙaluman waɗanda suka kamu. Amma alƙaluman asibiti ba sa faɗin wane ɓera ne ke wace ƙaramar hukuma. Tarko da kati da akwatunan adana samfuri ne ke ba da wannan amsa. Duk jami'in da takardar kasafin irin wannan bincike ta biyo ta teburinsa, ya san cewa daga nan rigakafi ke somawa.